Kafin a ce laifi na siyasa ne, a san yadda ake tantance shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata kalma da ke yawo a bakin 'yan jarida da jami'an tsaro da 'yan siyasa, amma ba kasafai ake tsayawa a auna ta ba, wato cewa wani laifi "yana da nasaba da siyasa". Da zarar an kashe wani ana gab da zaɓe, kafin a kai shi makwancinsa an riga an yanke hukunci. Magoya bayansa su ce kisan siyasa ne, hukuma ta ce 'yan fashi ne, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Alhali kuwa a ilimin nazarin laifuka akwai reshe guda da aikinsa ke nan, yana da ma'aunai, yana kuma da tarihin kurakuran da aka tafka aka sha wuya kafin a gyara. Manufar siyasa abu ce da ake tabbatarwa da hujja, kamar yadda ake tabbatar da wanda ya ɗana bindiga. Ba a ɗora ta da zato, ba a kuma share ta don a rufa wa wani asiri.

Fagen ba sabo ba ne. Cesare Lombroso, likitan nan na Italiya da ya yi suna da da'awar cewa ana gane mai laifi daga siffar jikinsa, da'awar da ilimi ya daɗe da watsarwa, ya wallafa littafi tare da Rodolfo Laschi a 1890 a kan laifin siyasa da juyin juya hali. Amma rabe-raben da ya fi amfani ga mai bincike a yau na Stephen Schafer ne, a 1974. Ya bambanta mai laifin son rai, wanda ke neman amfanin kansa yana ɓuya, da mai laifin aƙida, wanda ya yi imani cewa abin da ya yi daidai ne, sau da yawa ma so yake duniya ta sani. Sai ya ƙara na uku, wanda a ganina shi ne ya fi yawa ya kuma fi wuyar ganewa: mai fakewa da aƙida, wanda ke yafa rigar gwagwarmaya alhali aljihunsa yake yi wa aiki. A 1982 Austin Turk ya jawo hankali ga cewa mai riƙe da mulki shi ke raɗa wa laifin suna. Misalin da kowa ya sani shi ne Nelson Mandela, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1964 bisa laifin zagon ƙasa, ya zama shugaban ƙasa a 1994, sunansa kuma bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai 2008.

Daga nan fagen ya rabu gida biyu. Akwai laifin da ake yi wa hukuma: cin amanar ƙasa, juyin mulki, tawaye, zagon ƙasa, ta'addanci. Akwai kuma laifin da hukuma ke yi da kanta: kisa ba tare da shari'a ba, azabtarwa, ɓatar da mutane, tsare 'yan adawa ba bisa ƙa'ida ba, maguɗin zaɓe. Masana sun daɗe suna kau da kai daga gida na biyu, har sai da William Chambliss ya yi jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana laifuka ta Amurka a 1988 a kan laifin da gwamnati ke shiryawa. Duk nazarin da ya tsaya a gida na farko kawai ya riga ya ɗauki ɓangare tun bai fara ba.

To, ta yaya ake gane manufa, tunda zuciya ba a buɗe take ba? Kotuna ne suka fara fama da wannan tambaya, ta hanyar shari'o'in tasa ƙeyar wanda ake nema daga wata ƙasa zuwa wata. Beljiyam ta kafa doka a 1833 cewa ba za ta miƙa mai laifin siyasa ba, sai ga shi a 1856, bayan yunƙurin kashe Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ta cire kisan shugaban ƙasa daga wannan kariya. A Ingila, kotu ta ƙi miƙa Castioni, wanda ya harbe wani jami'in gwamnati a lokacin tawayen yankin Ticino na Siwizalan a 1890, saboda kisan ya faru a tsakiyar tawaye kuma don ciyar da shi gaba. Amma a 1894 ta miƙa wa Faransa Meunier, mai tada bamabamai, bisa hujjar cewa ba wani ɓangare yake ƙoƙarin ɗorawa kan mulki ba, gaba yake da kowace irin gwamnati. Har yau sashe na 3 na kundin Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, ya hana ta tsoma baki a al'amarin da ke da siffar siyasa ko soja ko addini ko launin fata, kuma a kan wannan sashe ake tafka muhawara duk lokacin da wata gwamnati ta nemi a kamo mata ɗan adawa da sunan ɓarawon dukiyar ƙasa.

Ma'aunin da ya fi cika, a nawa ganin, shi ne na Afirka ta Kudu. Dokar 1995 da ta kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ce ba a yi wa kowa afuwa sai ya faɗi gaskiya dukkanta, kuma laifinsa ya kasance yana da manufar siyasa. Sannan ta zayyana abubuwan dubawa guda shida. Mene ne dalilin mai laifin? A wane yanayi aka aikata, akwai tawaye ko tarzoma a lokacin? Mene ne girman laifin da nau'insa? Wa aka nufa, abokin adawa ne da kadarar gwamnati, ko kuwa talaka ne da bai ji ba bai gani ba? An yi shi da umarni ko amincewar wata ƙungiya ko hukuma? Na ƙarshe, akwai daidaito tsakanin abin da aka aikata da burin da aka ce ana nema? Dokar ta kuma rufe ƙofa ga wanda ya yi don amfanin kansa ko don ƙiyayya ta tsakaninsa da wanda ya cutar. Daga cikin masu neman afuwa 7,112, mutum 849 kawai suka samu. Janusz Waluś da Clive Derby-Lewis, waɗanda suka kashe Chris Hani, jagoran jam'iyyar kwaminis kuma ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, a watan Afrilun 1993, ba wanda ke shakkar cewa siyasa ce ta motsa su, amma an hana su afuwa a 1999 saboda ba su nuna cewa jam'iyyarsu ta umarce su ba, kuma ba su fayyace gaskiya duka ba. Su kuwa matasa huɗun da aka samu da laifin kashe Amy Biehl, ɗalibar nan 'yar Amurka, a watan Agustan wannan shekara, an yi musu afuwa a 1998. Mutum na iya ƙin yarda da ɗaya daga cikin hukuncin biyu, amma zai iya nuna wurin da yake da ja, domin ma'aunin a rubuce yake. Wannan shi ne abin da zargin baka ba ya bayarwa.

Bari mu kawo abin kusa. A ce an tare motar wani ɗan takara da dare, saura mako biyu zaɓe, aka harbe shi, aka tafi da wayarsa da jakarsa. Biri ya yi kama da mutum, amma ƙwararren mai bincike zai buɗe ƙofofi uku a lokaci guda: fashi, gaba ta kuɗi ko fili ko iyali, da siyasa. Zai tambaya: an bar agogo mai tsada da makullin mota an ɗauki waya da takardu kawai? Harbi nawa, daga wace tazara, a wane sashe na jiki? An taɓa direba da sauran fasinjoji ko shi kaɗai aka nufa? Wa ya san hanyar da zai bi a daren? An yi masa barazana a baya, a rubuce ko gaban shaidu? An sami irin wannan harin a wannan hanyar a watannin da babu zaɓe? Wannan tambaya ta ƙarshe ana yawan tsallake ta, alhali ita ce ke ba da ma'aunin kwatance. Idan ana fashi da kisa a hanyar duk wata, kusantowar zaɓe kaɗai ba hujja ba ce.

Ko an kama wanda ya yi harbin, ba a nan gizo ke saƙar ba. Laifin siyasa yakan zo hawa uku: mai aiwatarwa, dillalin da ya nemo shi ya biya shi, da uban tafiyar da ya ɗauki nauyi. Ɗan bangar da aka ba kuɗi da ƙwaya ya fasa taro ko ya sace akwatin zaɓe, manufarsa kuɗi ce, gobe ma yana iya yi wa ɗaya ɓangaren aiki. Manufar siyasa tana can sama. Idan takardar 'yan sanda tana da gurbi ɗaya tak na dalilin laifi, za a rubuta "neman kuɗi", maganar ta mutu a nan. Shi ya sa rajista mai kyau take raba dalili ga kowane hawa, ta kuma sa wa kowane dalili matakin tabbaci: tabbatacce, mai yiwuwa, ko ba a sani ba. Sannan a sake duba rubutun aƙalla sau biyu, lokacin gurfanarwa da lokacin yanke hukunci, a bar na farkon a wurinsa tare da kwanan watan da aka sauya shi da dalilin sauyawar.

Jamus ta ɗanɗana kuɗar rashin yin haka. Tun 2001 'yan sandanta ke da tsari na musamman na ƙididdige laifukan da siyasa ta motsa, suna kasa su gida-gida: na masu tsattsauran ra'ayin dama, na hagu, na aƙidun ƙetare, daga baya aka ware na aƙidar addini. Raunin tsarin shi ne ana sa wa laifi lamba tun a farkon bincike, lokacin da aka fi ƙarancin sani. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyar 'yan Nazi da ake kira NSU ta kashe mutum goma: takwas masu asali da Turkiyya, ɗaya mai asali da Girka, da 'yar sanda guda. An yi amfani da bindiga ɗaya a kisan mutum taran farko, amma 'yan sanda suka shafe shekaru suna bin zargin rikicin 'yan ƙwaya da bashi, suna yi wa iyalan mamatan tambayoyi kamar su ne masu laifi. Gaskiya ba ta fito ba sai a watan Nuwamban 2011. Da jihar Brandenburg ta ba masana na waje damar sake bin tsofaffin shari'o'i, adadin kashe-kashen da ta amince na masu tsattsauran ra'ayin dama ne ya tashi daga 9 zuwa 18 a 2015. Gawawwakin ba su ƙaru ba, idon da ya duba su ne ya sauya.

Sai batun ƙidaya, inda jaridu suka fi zamewa. Manyan rumbunan bayanai da ake ambato ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Rumbun GTD na Jami'ar Maryland ya tara hare-haren ta'addanci sama da 200,000 daga 1970, amma sharaɗinsa shi ne maharin kada ya kasance gwamnati, don haka kisan da soja ya yi ba ya shiga. Bayanansa na 1993 ma sun ɓace, giɓin yana nan. Shirin Jami'ar Uppsala ta Suwidin ba ya lissafa rikici sai an kashe aƙalla mutum 25 a shekara, kuma ba ya kiransa yaƙi sai an kai 1,000. Shi kuwa rumbun ACLED yana rubuta aukuwa ko da ba a rasa rai ba, har da zanga-zanga da tarzoma. Wanda ya ɗauko adadi daga wannan a bara, ya ɗauko daga wancan a bana, ya ce rikici ya ƙaru ko ya ragu, mudu biyu ya auna da su. Dukkansu kuma sun dogara matuƙa ga rahoton kafafen labarai, saboda haka abin da ya faru a birni ya fi shiga fiye da na ƙauyen da babu hanya babu layin waya. Wani lokaci hari ɗaya kan shiga sau biyu don an rubuta sunan garin iri biyu, wani lokaci kuma hawan adadi ba ya nuna komai sai ƙaruwar masu kawo rahoto.

Akwai hanyar kiyasta waɗanda ba su shiga kowace takarda ba, kuma ba ta da wuyar fahimta. Ga misali na koyarwa. A ce asibiti yana da sunayen mamata 200, wata ƙungiyar kare haƙƙi ta tattara nata 150 ba tare da ta ga na asibitin ba, da aka gwama sai aka sami 60 a duka biyun. Haɗaɗɗen jerin ya zama 290. Amma tunda asibitin ya kama 60 kawai daga cikin 150 na ƙungiyar, wato biyu bisa biyar, ana ɗauka haka ya kama daga cikin mamatan gaba ɗaya. Sai a ninka 200 da 150, a raba da 60, a sami 500. Ke nan mutum wajen 210 sun mutu ba wanda ya rubuta su. Inda lissafin ke lalacewa wuri uku ne. Idan ƙungiyar ta kwafi wasu sunaye daga asibitin, masu maimaituwa za su yi yawa, kiyasin ya faɗi ƙasa da gaskiya. Idan aka kasa gane cewa suna biyu masu bambancin rubutu mutum ɗaya ne, masu maimaituwa za su ragu, kiyasin ya kumbura. Idan kuma wasu mamatan sun fi wasu sauƙin shiga takarda, kamar na gari a kan na daji, dole a raba lissafin yanki-yanki. Shi ya sa masana ke neman jeri uku ko fiye. Da irin wannan hanya hukumar gaskiya ta Feru, a 2003, ta tashi daga sunaye wajen 24,000 da ke hannu ta kiyasta cewa mutum 69,280 suka halaka a rikicin 1980 zuwa 2000.

Idan aka yi ƙidaya da gaskiya, sau da yawa tana tona abin da hukuma ba ta so. Hukumar binciken Guwatamala ta 1999 ta kiyasta mutum sama da 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, ta kuma ɗora kashi 93 cikin ɗari na cin zarafin da ta tantance a kan dakarun gwamnati da 'yan sa-kan da ke ƙarƙashinsu. A Kenya, hukumar Mai Shari'a Waki ta ƙirga mutum 1,133 da suka mutu a rikicin bayan zaɓen 2007, daga ciki 405 harsashi ne ya kashe su, kuma ta nuna 'yan sanda da yatsa. An samu wannan adadi ne saboda an bi takardun asibiti da na binciken gawa an duba musabbabin mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar Minnesota ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sabunta a 2016, ta shimfiɗa yadda ake irin wannan bincike: a killace wuri, a ɗauki hoton gawa kafin a motsa ta, a adana harsashi da kwansonsa, a rubuta sunan duk hannun da shaida ta bi, kuma masu binciken kada su fito daga rundunar da ake zargi. Mafi yawan shari'o'in da ke rushewa, a awannin farko suke rushewa, lokacin da aka wanke wuri aka binne gawa ba a duba ba.

Mai karatu zai amfana da sanin matakan musu guda uku da Stanley Cohen ya bayyana a 2001, domin zai riƙa jin su a sanarwar hukumomi da ta 'yan tawaye baki ɗaya. Da farko a ce abin bai faru ba. In hoto ya fito, a ce ya faru amma ba haka sunansa ba, musayar wuta ce, ko kuskure. In wannan ya ƙi, a ce ya faru, kuma dole ce ta sa.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta malaman jami'a ce, abin da ake buƙata shi ne ƙarfi. Nazarin da Gary LaFree da Laura Dugan da Raven Korte suka wallafa a 2009 ya amsa wannan. Sun auna manyan matakai shida da Birtaniya ta ɗauka a Ayilan ta Arewa tsakanin 1969 da 1992, suna duba ko hare-hare sun ragu ko sun ƙaru bayan kowanne. Uku daga ciki ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya: tsare mutane ba shari'a da aka fara a watan Agustan 1971 da kama mutum 342, da janye wa fursunoni matsayinsu na musamman a 1976, matakin da ya kai ga yajin cin abinci na 1981 inda mutum goma suka mutu, da kuma harbe mutum uku 'yan IRA, ƙungiyar mayaƙan da ke neman raba yankin da Birtaniya, a Jibralta a 1988. Mataki ɗaya kawai, mamaye unguwannin da 'yan bindiga suka killace a watan Yulin 1972, ya nuna raguwa a fili. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɓarawo yana lissafin riba da hasara, tsoron kamu na iya hana shi. Mai aƙida kuwa, zaluncin da aka yi wa ɗan'uwansa shi ne ke kawo masa sabbin mabiya. Abin da ya fi cin nasara shi ne toshe dama: fashin jiragen sama ya ragu ainun a Amurka bayan an fara binciken fasinjoji da na'urar gano ƙarfe a 1973, ba tare da an sauya ra'ayin kowa ba.

Ga masu bincike da 'yan jarida da ke hira da tsofaffin mayaƙa ko 'yan banga, kada a yi alkawarin sirrin da doka ba za ta bari a cika ba. Kwalejin Boston ta naɗi muryoyin tsofaffin mayaƙan Ayilan ta Arewa da sharaɗin ba za a buɗe ba sai bayan mutuwarsu, amma daga 2011 hukumomin Birtaniya suka bi ta kotunan Amurka suka karɓi wasu faya-fayan. Abin da ba a rubuta suna a kansa ba, ba a iya ƙwace sunan.

Roƙona gare ka, ya Edita, ƙanƙani ne kuma yana cikin ikon ɗakin labaranku. Duk lokacin da wakilinku zai rubuta cewa laifi na siyasa ne, ya faɗi wanda ya ce haka da hujjar da ya kawo, haka nan idan hukuma ta ce ba na siyasa ba ne. Duk adadin da za a buga, a faɗi wanda ya ƙirga, abin da ya ƙirga da abin da ya bari a waje. Sannan a buɗe rajista ɗaya a ofis, mai ɗauke da kwanan wata, wuri, wanda abin ya shafa, wanda ake zargi da aiwatarwa, wanda ake zargi da ɗaukar nauyi, matakin tabbaci da matsayin shari'a, a sa mutum guda ya riƙa komawa kan kowane layi bayan wata shida ya buga wa masu karatu inda maganar ta kwana.

Wassalam,
Mai karatunku, daga fagen nazarin laifuka